Tankar Yaƙi Ta Wasa: Kira Ga Iyaye Da 'Yan Tireda

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina game da wani abu da mutane da yawa za su ce shirme ne, wato 'yan tankokin yaƙi na wasa waɗanda ake tuƙawa daga nesa da rimot. Na san wani zai ce, mutane suna fama da tsadar taki da masara, wane ne ke ta kayan wasa? To, jama'a ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe, domin maganar ta shafi aljihunmu, ta shafi lafiyar 'ya'yanmu, ta kuma shafi sana'ar da za su ci abinci da ita gobe.

Da farko bari in bayyana abin ga wanda bai taɓa gani ba. Ana ɗaukar tankar yaƙi ta gaske, a auna ta ciki da waje, sannan a ƙera ƙaramarta wadda ba ta bar komai ba. Awon da aka fi yayi shi ne 1/16, ma'ana kowane sashe an rage shi sau goma sha shida. Alal misali tankar Jamus mai suna Tiger, wadda ta fito a 1942 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, nauyinta ya haura tan 50, tsawonta har da bakin igwa ya wuce mita 8. Ƙaramarta kuwa kaɗan ta ɗara rabin mita. Amma tana tafiya a kan sarƙa kamar uwarta, tana juya kai, tana ɗaga bakin igwa, tana rurin inji, wata har hayaƙi take fitarwa. A Jamus da Ingila da Amurka manyan mutane masu furfura ne ke kafa ƙungiya, su haɗu ranar hutu su yi gasa. Tankokin suna harbin juna da wani haske da ido ba ya gani, wadda aka sama sau da yawa sai ta rage gudu, daga nan ta tsaya cik.

To su wane ne ke ƙera su? Babban yaya a wannan sana'a shi ne kamfanin Tamiya da ke birnin Shizuoka a ƙasar Japan. Ina so masu karatu su lura da asalinsa da kyau. Wani mutum mai suna Yoshio Tamiya ne ya kafa shi a 1946, shekara guda bayan an ci Japan da yaƙi, kuma wurin yankan katako ne kawai. Ba a jima ba suka fara sassaƙa 'yan jiragen ruwa da na sama da katako suna sayar wa yara. Da roba ta kori katako a kasuwa, sai suka koma roba. A farkon shekarun 1960 suka fito da 'yar tanka mai suna Panther mai tafiya da batir, ta samu karɓuwa ƙwarai. A 1974 suka fito da tankar Amurka mai suna Sherman, wadda ita ce abu na farko da suka yi mai aiki da rimot. Ɗan mai kamfanin, Shunsaku Tamiya, wanda ya rasu a 2025, da kansa yake zuwa gidajen ajiye kayan tarihi na Ingila da Amurka da abin awo da kyamara, yana auna tankokin gaske don kada a yi kuskure ko na ƙusa ɗaya. Kuma har gobe manyan tankokinsu a wargaje suke zuwa cikin kwali, gunduwa-gunduwa, mai saye ne zai zauna ya harhaɗa da hannunsa, ya yi fenti.

Na biyu shi ne kamfanin Heng Long da ke Shantou a lardin Guangdong na ƙasar Sin, yankin da ya yi suna wajen ƙera kayan wasan yara. Su a haɗe suke sayar da tasu, caji kawai za ka yi ka fara tuƙi, kuma kuɗinta ya yi ƙasa da na Tamiya nesa ba kusa ba. Mai araha haƙoran injinta na roba ne, mai tsada na ƙarfe. Akwai kuma Torro a Jamus, da Armortek a Ingila wanda ke yin manya da ƙarfe zalla a kan awon 1/6, wata nauyinta ya fi kilo 100, wato ta fi buhun masara nauyi.

Abin da ya haɗa waɗannan kamfanoni shi ne suna sayar da kayan gyara. Sarƙa ta tsinke, akwai wata. Inji ya ƙone, a cire a sa sabo. Shi ya sa yaron da ya taso da irin wannan abu yake sanin waya da batir da kusoshi tun bai yi gemu ba.

Yanzu mu dawo gida. Abin da ke isowa teburan 'yan tireda a kasuwanninmu, musamman gab da Sallah, galibi ba waɗannan ba ne. Kwaikwayonsu ne marasa suna, ba adireshin kamfani, ba kayan gyara. Uba zai matse bakin aljihunsa ya saya wa ɗansa, kafin a gama yawon Sallah haƙori ɗaya ya karye, shi ke nan sai bola. Hausawa suka ce araha ba ta ado. Kuɗin da aka zuba ya tafi, yaron bai koyi komai ba sai kuka.

Abin takaicin shi ne, wannan uban da ya sayi na kanti, shi ne zai ga ɗansa zaune a gindin bishiya yana haɗa mota da karan dawa, ko da gwangwanin madara da waya, ya yanka tsohon silifa ya yi taya, sai ya daka masa tsawa, wai yana tara shara a gida. Wani har ya sa ƙafa ya tattake. Haba jama'a! Mene ne bambancin abin da yaron nan yake yi da abin da Tamiya suka fara da shi? Yaron ya kalli babbar mota ta wuce, ya riƙe siffarta a ka, ya rage ta daidai hannunsa, ya nemi abin da ke kusa da shi ya ƙera. Su can da suka ga irin wannan sai suka riƙe shi sana'a, suka yi ta gyarawa har duniya ta san su. Mu kuwa dukan mai yi muke yi.

Na san akwai masu cewa tanka kayan kisa ce, bai dace a mayar da ita abin wasa ba, balle a ƙasar da mutane suka ga ta gaske a ƙofar gidajensu. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk uban da ya ce ba za a shigo masa da ita gida ba, yana da hujjarsa. Sai dai ilimin da ke cikinta, na inji da batir da rimot, shi ne dai ke cikin 'yar tirela ko 'yar tarakta, kuma Tamiya ɗin ma suna ƙera motoci da tireloli masu rimot. Wanda bai son tanka ya nemi mota.

Saboda haka ina kira ga 'yan uwana 'yan tireda da masu zuwa sari Guangzhou da su ji tsoron haƙƙin mutane. Yawancin tankokin Heng Long suna harba ƙananan duwatsun roba masu kaurin milimita 6, kuma a jikin kwalin an rubuta cewa na ɗan shekara 14 ne zuwa sama. Dutsen nan in ya sami ido zai iya yin mummunar illa. Kada ka sayar wa uban ɗan shekara biyar ka yi shiru don kana son ciniki. Ka gaya masa kuma batirin da ake cajawa ba a barinsa a rana ko a kan wuta har a kwana, domin yana iya kumbura ya kama da wuta. In za ka yi sari, ka nemi mai sunan kamfani, ka haɗo da sarƙa da inji na canji. Wanda ya dawo ya sami gyara a wurinka, gobe ma kai zai nema.

Ga iyaye kuma, kafin ku ba da kuɗi ku tambaya, in ta lalace wa zai gyara? In babu amsa, ku riƙe kuɗinku. Ku saya wa yaro ƙaramin inji irin na tsohuwar rediyo mai kaset, da batir biyu, da waya, ku bar shi ya sa wa motarsa ta gwangwani. In kun ga hannunsa ya faɗa, ku kai shi wurin mai gyaran rediyo ko bakanike ko maƙeri lokacin hutun makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Haka nan ina roƙon shugabannin makarantun firamare da na ƙananan hukumomi su riƙa shirya gasar ƙere-ƙere ko sau ɗaya a shekara, a ba yaron da ya fi iya haɗa mota kyauta a gaban jama'a kamar yadda ake ba wanda ya zo na ɗaya a lissafi. Wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

 

Daga mai karatunku a kullum,
Kano.