Wa ya tuna da mai gyaran wuta?

Duk lokacin da wuta ta ɗauke a Yamai, Maraɗi ko Damagaram, tela ya naɗe hannu, kayan mai kanti suka lalace cikin firji, sai tsohuwar gardama ta taso. Wasu su ce a sayar da kamfanin lantarki ga baƙi, kamar yadda Bankin Duniya ya yi ta matsawa a shekarun 1990. Wasu su ce dukiyar ƙasa ce, sai gwamnati. Ɓangarorin biyu sun manta da injiniyan da ke kwana gindin inji, wanda ya san ciwon kowane layi, amma ba ya da ko dala cikin kamfanin.

Nijar ta ɗanɗana hanyoyin biyu. An sayar da SONITEL a 2001, gwamnati ta karɓe abinta a 2012. A 2001 ɗin aka danƙa rabon ruwa ga SEEN: Vivendi na Faransa ya riƙe kashi 51 cikin ɗari, ma'aikata kashi 10, kafin aikin ya koma hannun gwamnati a farkon 2024. NIGELEC kuwa, wadda aka kafa a 1968, ba ta bar hannun hukuma ba, kuma da Najeriya ta katse wuta a watan Agusta na 2023 kowa ya ga iyakar tanadin da aka yi.

Akwai hanya ta uku, kuma a Amurka, uwar jari-hujja, ta yi ƙarfi. A 1986 ma'aikatan Burns & McDonnell na Kansas City, masu tsara tashoshi da layukan lantarki, suka saye kamfaninsu daga hannun Armco. Kamfanin Schweitzer, wanda aka kafa a 1982, mai ƙera na'urar da ke katse layi in ya samu matsala ta kuma nuna inda matsalar take, ya zama mallakar ma'aikatansa ɗungurungum a 2009. Tsarin ba ya da wuya: ana ajiye hannayen jari cikin asusun amana, rabon ma'aikaci yana ƙaruwa da shekarun aikinsa, ran da ya yi ritaya a biya shi kuɗin rabonsa.

Injiniyan da ke irin wannan gida, in ya ga inji na neman gyara ba ya yin shiru don tsoron shugaba, domin asarar tasa ce. Mai ɗaki shi ya san inda ke yi masa yoyo.

Masu adawa za su ce ma'aikata na iya nutsewa tare da kamfani. Gaskiya ne: ma'aikatan United Airlines sun riƙe kashi 55 daga 1994, kamfanin ya durƙushe a 2002. Darasin shi ne hannun jari ba ya maye gurbin shugabanci nagari da lissafi a fili. Amma wane kamfanin gwamnati ko na baƙo ne ya tsira ba tare da waɗannan ba?

Ba a ce a kwashe NIGELEC a miƙa wa ma'aikata gobe ba. Abin da ya kamata shi ne doka: rabo mai nauyi ga injiniyoyi da masu hawa turke, kujera mai ƙuri'a a majalisar gudanarwa, da buga lissafin kamfani kowace shekara. Kashi 10 a gaban kashi 51 ba ya yanke hukunci. Wanda ake tayarwa tsakar dare ya maido da wuta ya cancanci a ji muryarsa ranar da ake raba riba.