"Bari In Ci Ɗaya Kawai": Abin Da Ke Riƙe Yaro A Kan Gem



A cikin sharhin da kuka ajiye ƙarƙashin rubutun makon jiya, wata uwa ta kawo kukan da na tabbata ba ita kaɗai ke da shi ba. Ta ce ɗanta mai shekara 15 in ya riƙi waya yana gem, sai ta kira shi sau uku kafin ya ɗago, kuma amsarsa ɗaya ce kullum: a bari ya ci ɗaya kawai. Yanzu har ya fara cewa shi da wannan wasa zai ci abinci. Shi ne take tambaya, wai akwai wata gwaninta a danne-dannen nan, ko shiririta ce tsagwaronta?

Hajiya, akwai gwaninta, kuma gara ki san haka kafin ki zauna da shi. Yaron da ya ga ba ki san abin da kike hana shi ba, zai ce miki to, ya koma ɗaki ya ci gaba.

Ɗauki wasan faɗa da ake kira Tekken. Allon yana sauya hoto sau 60 a cikin daƙiƙa guda. Naushi mafi sauri a wasan yana sauka ne cikin hotuna 10, wato ɗaya bisa shida na daƙiƙa, alhali mutum yana buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa tsakanin ganin abu da motsa yatsa. Ka ga ke nan duk wanda ya tsaya jiran ya ga naushi kafin ya kare, ya riga ya sha shi. Dole tun kafin abokin karawa ya motsa ka karanci nufinsa: sau biyu ya kai maka hari ta ƙafa, shin zai maimaita na uku, ko so yake ka sunkuya ya same ka a fuska? Duk wanda ya taɓa zama gindin bishiya yana kallon dattawa na dara ya san wannan. Ƙa'idar dara yaro ma zai haddace ta da yamma ɗaya. Tsohon da ke zaune a gabanka shi ne wahalar.

Wannan Tekken ɗin, shekara da shekaru 'yan Koriya ta Kudu da Japan ne ke riƙe da kambinsa. Sai a 2019 wani saurayi daga Lahore ta ƙasar Pakistan, Arslan Siddique, wanda aka fi sani da Arslan Ash, ya sha wahalar biza da doguwar tafiya ya isa gasar EVO ta Japan a watan Fabrairu, ya lashe ta. A watan Agusta ya je Las Vegas ta Amurka, ya doke shahararren ɗan Koriya da ake kira Knee a wasan ƙarshe, ya faɗi ya yi sujada a gaban jama'a. A ƙananan gidajen gem na Lahore ya koyi wasan, irin waɗanda ba su fi namu na unguwa ƙawa ba. Abin da ya samu a can shi ne tarin abokan karawa masu zafi da suka yi shekaru suna lallasa juna, duniya ba ta san da su ba. A 2023 shi da 'yan ƙasarsa biyu suka doke Koriya ta Kudu a gasar ƙasashe da aka yi a Riyad.

Na kawo labarinsa ne don kada mu raina abin. To amma ɗanki ma ya san irin waɗannan labarai, ya fi ni saninsu ma, kuma rabinsu kawai yake ba ki. Zai gaya miki cewa a 2019 wani yaro Ba'amurke mai shekara 16, Kyle Giersdorf, ya ci dala miliyan 3 a gasar duniya ta Fortnite a New York. Gaskiya ne. Ki tambaye shi mutum nawa suka shiga zagayen share fage. Kimanin miliyan 40 ne, kuma 100 kacal suka kai wasan ƙarshe na ɗaiɗaiku. Ga kuma wata matsala tamu ta nan gida: yawancin manyan wasannin intanet, kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa suna nesa da mu, a Turai ko Afirka ta Kudu. Saƙon yatsan yaron da ke Kano ko Zinder yakan ci ɗaya bisa goma na daƙiƙa ko fiye kafin ya je ya dawo. A wasan da ake lissafi da hoto guda-guda, wannan tamkar shiga dambe ne da hannu ɗaya a ɗaure, ban da ɗaukewar wuta da ƙarewar data a tsakiyar wasa.

Yanzu ga batun "bari in ci ɗaya", wanda shi ne ya fi damuna. Da yawa cikin iyaye suna zaton in yaro ya ƙware, wasan zai yi masa sauƙi har ya gundure shi ya bari. Ba haka aka gina shi ba. Wasannin gasa suna ba kowane ɗan wasa maki, bisa tsarin da ya samo asali daga lissafin wani malamin kimiyya, Arpad Elo, wanda hukumar wasan ces ta duniya ta karɓa a 1970. Ka ci, makinka ya hau, a haɗa ka da wanda ya fi na baya ƙarfi. An cinye ka, makin ya sauka, a kawo maka wanda za ka iya. A wasan mutum biyu ko ƙungiya biyu, ƙarshenta kusan kowa yana yawo ne a kan cin rabi, faɗuwa rabi, ko sabon shiga ne shi ko ya shekara biyar yana yi. Saboda haka yaron da ya ce sai ya ci zai tashi, in aka cinye shi ba zai tashi da haushi ba, in kuma ya ci sai ya ji hannunsa ya yi zafi, ba yanzu ba. Ba ƙarya yake miki ba lokacin da ya ce ɗaya kawai. Shi ma haka ya zata.

Akwai kuma abin da na daɗe ban gane ba, sai da ɗan yayata ya zauna ya yi mini bayani bayan na yi masa faɗa a banza. Wasan da ake yi da mutane ta intanet ba a tsayar da shi. In yaro ya fita a tsakiya, makinsa zai zube, abokan ƙungiyarsa su faɗi saboda shi, wasu wasannin ma har hukunci suke yi wa mai gudu. Shi ya sa kiran da ya zo a tsakiyar wasa yake zama rigima. Dabarar da ta yi mana aiki a gida ita ce a yi ciniki tun kafin ya fara, kuma da adadin wasa, ba da cewa "ka ɗan yi kaɗan" ba: wasa uku, ka ci ko a cinye ka, sannan in lokacin sallah ko aike ya kusa, ba a fara sabo. Yawancin na waya ba su wuce minti 10 zuwa 20 ba, don haka lissafin mai sauƙi ne.

In kuma kina son sanin ko ɗanki gwaninta yake nema ko wasan ne ke jansa, ki saurare shi bayan an cinye shi. Mai koyo zai iya gaya miki kuskuren da ya yi, har ya koma ya kalli wasan ya gyara. Wanda kullum laifin sabis ne, ko na abokan wasa, ko wai ɗayan maguɗi ya yi, kuma nan take ya sake dannawa yana huci, wannan awanni kawai yake tarawa. In abin ya kai ga barin barci, barin makaranta, ko ɗaukar kuɗin da ba nasa ba don sayen data, ya wuce batun gwaninta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar gem a jerin cututtukanta tun 2019, kuma a nan ganin likita ba abin kunya ba ne.

Ni dai na gwada wasan ƙwallo da ɗan yayar tawa a PlayStation, ya zura mini 6 ba ko ɗaya, yana yi yana ce mini, "Kawu, ai kullum ta dama kake bi." Ban san ina yin haka ba sai da ya faɗa. Iyayen da suka gwada ƙa'idar wasa uku a wannan mako, ku rubuto mana a ƙasa yadda ta kaya, har da waɗanda ba ta yi wa aiki ba.