Ganye a Abincin 'Ya'yan Kifi: Suna Ya Iso, Awo Ya Maƙale

Tun da Tarayyar Turai ta haramta sanya magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi domin saurin girma, a farkon shekarar 2006, hankalin masu bincike ya ƙara karkata ga tsirrai. A ƙasar Hausa, inda kiwon tarwaɗa ya shiga har cikin gidaje, kuma abinci ke cinye fiye da rabin kuɗin da mai kiwo ke kashewa, zancen ya samu karɓuwa. Ana cuɗa garin zogale, tafarnuwa ko citta a abincin 'ya'yan kifi da fatan su yi saurin girma, mutuwa ta ragu.

Ba na musun amfanin waɗannan tsirrai. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ilimin ke isa ga mai kiwo, domin sunan ganye kan iso kunnensa, adadin da za a zuba kuwa ya tsaya a cikin mujallun Turanci.

A ɗauki zogale. A shekarar 2003 masu bincike a Jami'ar Hohenheim ta Jamus sun gwada garin ganyensa a kan karfasa. Da ya maye kashi 10 cikin ɗari na furotin ɗin abincin, girman kifin bai ragu ba. Da aka kai shi kashi 20 da 30, sai girma ya ja baya. Ganyen na ɗauke da sinadarai irin su safonin da tanin, masu rage cin abinci da narkewarsa. Wanda ya ji cewa zogale na gina kifi, bai ji wannan iyaka ba, zai cika hannu, ya kuma biya da aljihunsa. Ƙaramin kifi shi ya fi rauni a nan, tunda shi ya fi bukatar furotin.

Akwai kuma nauyin da kalmar "ganye" ta ɗauka a bakinmu, har ta zama kamar shaidar rashin illa. Masunta sun san ba haka ba ne: magimfa ma ganye ce, kuma da ita aka daɗe ana bugar da kifi a ruwa. Darbejiya, wadda ake yabo wajen maganin cuta, tana kashe kifi idan ta yi yawa. Ita ce dogon yaro a wani gari, maina a wani, bedi a wani. Takardar faɗakarwa da ta kira ta da suna ɗaya ta bar sauran masu kiwo a duhu.

Nan aikin ya shigo hannun masana Hausa. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, Bargery ya ƙara a ƙamusunsa na 1934, amma ba don mai kiwon kifi suka rubuta ba. Ina ganin ya dace sassan Hausa su haɗa hannu da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Bussa, a fitar da bayani mai haɗa kowane suna da karin harshen da ke amfani da shi. Fassarar awon ita ce mai wuya. Masu bincike da nauyi suke aiki, mai kiwo kuwa da mudu da gwangwani, mudun wata kasuwa kuma ba na wata ba ne. Sai an ɗora gwangwanin garin zogale a kan sikeli tukuna, sannan a faɗa wa mai kiwo guda nawa zai zuba a buhu mai kilo 15.