Muna Tsare Maraƙi, Jariri Fa?

'Yan uwa makiyaya da fataken shanu na Suki da kewaye, har zuwa Maiurno da Sinja.

Babu wanda zai koya mana ciwon huhu. Idan maraƙi ya fara haki, hanci na zuba, ya ƙi nono, nan take muke ware shi daga garke, mu nemi malamin dabbobi ko da kuwa sai an sayar da akuya. To amma idan jaririn wata biyu ya yi irin wannan haki a bukka, sai mu ce mura ce, za ta wuce. Wannan sakaci ne, kuma namu ne mu maza.

Likitoci suna kiran ƙwayar cutar RSV, har ma tana da 'yar uwa mai kama maruƙa. Ga babba mura ce kawai. Ga jariri kuwa, takan sauka ƙirji ta toshe ƙananan hanyoyin iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 100,000 a kowace shekara, wajen rabinsu ba su kai wata shida ba, kuma kusan dukkansu a ƙasashe irin namu. Waɗanda ta fi yi wa illa su ne bakwaini, da wanda aka haifa ba nauyi, da mai ciwon zuciya tun haihuwa.

Rigakafi ya samu. A 1998 Amurka ta amince da allurar Synagis, amma ta wata-wata ce, kuma tsadarta ta fi ƙarfin talaka. A 2023 aka amince da Abrysvo, wadda ake yi wa mai ciki sau ɗaya a watannin ƙarshe, kariyar ta ratsa zuwa ga ɗan da ke ciki. A 2025 ƙungiyar Gavi ta yarda ta tallafa wa ƙasashe matalauta su same ta.

Za a ce mana ai ana yaƙi. Mun sani. Mu ne muka ga abin da ya sami Sinja da Suki a 2024. Amma a watan Nuwamba na shekarar ne aka fara rigakafin zazzaɓin sauro a jihohin Gadarif da Shuɗin Nilu, da yaƙin da komai. Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta nemi wannan allura, kuma idan ta zo kada a ajiye ta a asibitin birni a ce matar makiyayi ta zo awo. Matar da ke bin garke ba ta da ranar awo. A bi ta mashekari, kamar yadda ake bin shanunmu da allura, tunda mai karɓar harajin dabbobi bai taɓa ɓata hanyar rugarmu ba.

Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. Dakashin da muke tabbatar maraƙi ya sha, shi wasu iyayenmu mata suke matsewa su zubar wai ƙazanta ne. A bar jariri ya sha, ya ci gaba da nonon uwa zalla har wata shida. Ranar suna, mai tari ya yi barka daga bakin ƙofa, ko da kaka ce. Falke da ya dawo daga kara ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki ɗa. Hayaƙin kashin shanu da muke korar sauro da shi, a nisanta shi da jariri, haka ma taba.

Idan kuwa aka ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja numfashi, ko ya kasa kama nono, ko leɓensa ya sauya launi, kada a tsaya sayen kafso a kasuwa, domin ba ya kashe wannan ƙwayar. Iskar oksijin yake bukata, ita kuwa sai asibiti. A kama hanya a daren, kuma kuɗin mota ya kasance a hannun uwa tun kafin maigida ya tafi kiwo.