Takobin Dosso: Damagaram na da dama, amma sai ta je da goma cikakku

A ƙarshen wannan wata na Disamba 2024 za a buɗe gasar kokowar gargajiya ta neman takobin ƙasa karo na 45 a birnin Dosso, inda kowace daga cikin jihohi takwas na Nijar za ta kawo 'yan kokowa goma, jimilla ƙarfafa 80. Tun ba a buga ganga ba, muhawara ta yi zafi a fadojin matasan birnin Damagaram, da kasuwar Tanut, da bakin rijiyoyin Tenhiya, har zuwa zaurukan WhatsApp na 'yan ci-rani da ke Sabha da Tamanrasset da Kano. Tambayar ɗaya ce: ko bana takobi zai dawo Damagaram?

Amsar gaskiya ita ce zai iya dawowa, amma da wuya. Kuma idan har bai dawo ba, bai kamata a ɗora laifin duka a kan samarin da za su shiga fili ba, domin rabin kokowar ana yin ta ne tun wajen zaɓen tawaga.

Babban shingen da ke gaban kowa sananne ne. Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya ɗaga takobi sau shida, ya zarce tarihin Yacouba Ango Kantou na Maraɗi, zakaran gasar farko da aka yi a Tawa a 1975, wanda ya ɗauka sau huɗu. Uku daga cikin shidan nan a jere ya kwashe su: Yamai, Difa, sai Agadas a ƙarshen 2023. Bana kuma a gidansa za a yi, a filin Salma Ɗan Rani, inda ya ci takobinsa na biyu a 2016.

Gida kuwa yana da tasiri a wannan gasa. Bayan nasarar Issaka a Dosso, Yahaya Kaka ya ɗauka a Tawa a gaban mutanensa a 2017, sannan Tassiou Sani ya ɗauka a Damagaram a karo na 39. Sau uku ke nan a jere mai masauki yana riƙe takobi. Ɗan kokowar da ya kwana a garinsu, ya ci abincin da cikinsa ya saba, makaɗansa suna kusa, dubban mutane suna kiran sunansa, ba ɗaya yake da wanda ya yi tafiyar kusan kilomita 750 a mota ba. Tun waccan nasara ta Tassiou Sani, Damagaram ba ta sake ganin takobi ba.

Duk da haka, wanda ya ce an gama magana bai san yadda gasar take ba. A kwanakin farko kowace jiha tana karawa da sauran bakwai, jiha ɗaya a kowace rana. Duk wanda ya sha kaye sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da shiga fili domin jiharsa. Waɗanda ba su faɗi ba ne kaɗai ke isa zagayen ƙarshe. Ma'ana, zakara ma kuskure ɗaya ya ishe shi. Santsin ƙafa, ko gajiyar rana ta biyar, ko wani saurayi da ba wanda ya san salonsa, kowanne na iya kawo ƙarshen sarautar shekaru.

Wannan tsari ne ya sa dogaro da tauraro ɗaya yake da haɗari. Jihar da ta je da gwani guda da 'yan rakiya tara, ranar da gwanin ya faɗi ta gama. Jihar da ta je da goma cikakku kuwa tana cin riba biyu: tana da damar kai mutum biyu ko uku zagayen ƙarshe, sannan waɗanda suka riga suka faɗi a cikinta sukan zama masu share wa 'yan uwansu hanya, domin ba su da abin da za su rasa idan suka rungumi zakaran wata jiha. Sau da yawa wanda ke kayar da babban suna a tsakiyar gasa ba shi ke ɗaukar takobi ba, amma shi ke buɗe wa wani ƙofa.

Ta fuskar tarihi Damagaram ba ta da abin jin kunya. Filin kokowar birnin yana ɗauke da sunan Langa Langa. Balla Harouna ya ɗaga takobi fiye da sau ɗaya. Alio Salaou ya je har Yamai a 2013 ya ɗauko shi, abin da ke nuna cewa Badamagare na iya cin nasara a wajen gida. Sai dai tarihi ba ya kama ƙugun kowa. A Dosso za a tarar da Maraɗi, wadda Aibo Hassan ɗinta ya taɓa kaiwa wasan ƙarshe da Issaka, da Tawa da ba a taɓa raina ta a kokowa ba, da Yamai da ke jan ƙarfafa daga ko'ina saboda nan ne kuɗi da masu ɗaukar nauyi suka fi yawa. Ranakun karawa da waɗannan jihohi uku, da ita kanta Dosso, su ne za su faɗi matsayin Damagaram.

A nan ne maganar Damargu ta shigo. Ƙasar Tanut da Belbeji ƙasa ce ta noman hatsi da kiwo, kuma kokowa bayan kaka ba baƙuwa ba ce a garuruwanta. Saurayin da ya tashi yana jan guga a rijiya mai zurfi domin shayar da garke, yana bin dabbobi a ƙafa wuni guda, yana da ƙarfin hannu da dogon numfashi da ba a samu a ɗakin motsa jiki na birni. Amma ƙaramar hukuma irin Tenhiya faɗi gare ta, ruggage da ƙauyuka a warwatse suke. Kafin saurayi ya isa zaɓen gunduma a Tanut sai ya bar garke a hannun wani, ya nemi kuɗin mota. Idan ya tsallake, ga wata tafiyar ta sama da kilomita 100 zuwa birnin Damagaram domin zaɓen jiha. Wanda bai da mai tsaya masa, a nan yake tsayawa. Wani kuma lokacin da ake zaɓen ma ya riga ya kama hanyar Agadas ko Libiya neman abin kai wa gida. Wani ya samu mai gida a wata jiha ya sa rigarta, kamar yadda aka saba gani a wannan gasa.

Akwai masu cewa kokowar ƙauye daban, ta takobi daban, kuma suna da gaskiya. A gasar ƙasa akwai alƙalai, akwai ƙayyadadden lokaci, akwai gargaɗi ga mai gudun kamu, kuma ana iya rasa wasa da gargaɗi ba tare da an taɓa ƙasa ba. Ga kyamarorin Télé Sahel, ga taron da saurayin daji bai taɓa gani ba. Ƙarfi kaɗai bai isa a nan ba. Amma wannan hujja ce ta a nemo yaran da wuri a koya masu, ba ta a bar su a bakin rijiya ba. Dokoki ana koyonsu a 'yan watanni a hannun tsofaffin 'yan kokowa, waɗanda Damagaram ba ta rasa su ba. Jiki da zuciya ne ba a koyarwa.

Na bana dai lokaci ya ƙure, da waɗanda aka zaɓa za a tafi. Abin da ya rage shi ne a kula da su: su isa Dosso da wuri su huta, a tabbatar da abincinsu da mai duba lafiyarsu, kuma alkawuran da masu hannu da shuni ke yi a gaban makirufo su isa hannunsu kafin gasa, ba bayanta ba. Mai son sanin inda aka dosa kuma ya ƙirga a yammacin rana ta huɗu. Idan Damagaram na da mutum uku da ba su faɗi ba, akwai magana. Idan ɗaya ne ya rage, sai addu'a.

Aikin baɗi kuwa yanzu ya kamata a fara shi. Magadan gari na Tenhiya da Tarka da sauran ƙananan hukumomin Damargu na iya sa gasar bayan kaka cikin kasafinsu, a riƙa yin ta ranar kasuwa domin makiyaya su samu halarta. Reshen hukumar kokowa na jiha na iya tura masu ido su je su gani da kansu maimakon jiran wanda ya iya kawo kansa. 'Yan ci-ranin da ke kwana a kan Facebook suna kallon kowane kamu, idan kowane zaure ya ɗauki kuɗin motar saurayi ɗaya daga garinsu zuwa Tanut, da an ga sababbin fuskoki a filin Langa Langa kafin kaka ta zagayo.