Tsegumin Wankan Kare a Zangon Paraku

An yi ta tsegumi a Zangon Paraku domin wani matashi ya kai karen gadinsa an wanke shi, an cire masa kaska, an yanke farce. Wai ya koma Bature. Jama'a, mu koma ga karatunmu. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne; ƙwaryar da ya sa baki a ciki ake wankewa sau bakwai. Hadisin mutumin da aka gafarta wa domin ya shayar da kare kuwa tun a zaure muka karanta shi.

Fesa wa kare turare almubazzaranci ne, na yarda. Amma karen da aka sake da ƙazuwa, ba allurar rigakafin hauka, shi ke cizon 'ya'yanmu a lungunan Jugu. Mai shi fa, ban ji an yi tsegumi a kansa ba.