Ciwon Da Allura Ba Ta Kai Wa

'Yan'uwa, wata uwa ta zo wurina sau huɗu cikin wata biyu. Kanta na ciwo, gabanta na faɗuwa, barci ya ƙi. Na gwada jininta, babu zazzaɓin cizon sauro. Na auna bugun jini, lafiya lau. A zuwa na huɗu na ajiye kayan awo na ce, "Inna, tun yaushe wannan ya fara?" Ta yi shiru, can ta ce, "Tun daren da aka fita da ɗana."

Duk wanda ya zauna a Kilomita Biyar ya san irin wannan dare. Tun daga 5 ga Disamba 2013, lokacin da faɗa ya ɓarke a Bangi, babu gidan da bai ɗanɗana ba, Musulmi da Kirista. Mutanen ƙauye ma sun kwana a daji. Fafaroma Faransis ya zo babban masallacin unguwar nan ranar 30 ga Nuwamba 2015, kasuwa ta sake ci, amma zuciya ba ta warkewa da saurin kasuwa.

Ra'ayina shi ne, mai irin wannan ciwo ya nemi ma'aikacin jin daɗin jama'a wanda aka horar, wato wanda ake kira asistan sosiyal da Faransanci. Ba ya rubuta magani, ba ya yin allura. An koya masa sauraro da riƙe sirri. Ya san inda ake kai mara lafiya, maraya, matar da aka ci wa zarafi, da yaron da ya daina magana. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san iyakar sanina, kuma ba na jin kunyar tura mutum wurinsa.

Wani zai ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sirrin gida a gida yake zama." Gaskiya ne, shi ya sa na ce a nemi wanda riƙon amana ne sana'arsa. Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wani kuma zai ce addu'a ta isa. Ina addu'a kowace safiya, amma wanda ya karye a ƙafa yana addu'a yana kuma zuwa wurin ɗori. Limami da fasto na gari za su raka ka, ba za su hana ka ba. Zuwa wurin ma'aikacin nan ba alamar hauka ba ce.

A ina za ka same shi? Fara da ƙaramin asibitin da ke kusa da kai, ka tambayi nas ko ungozoma. A manyan asibitocin Bangi ka tambayi ofishin sosiyal. Wadda aka yi wa fyaɗe tana iya zuwa cibiyar Tongolo ta ƙungiyar likitoci ta MSF, inda ake duba jiki da zuciya kyauta, ko cibiyar Nengo a Asibitin Amitiye. Kada ta wuce awa 72, domin maganin kariya daga ƙanjamau a cikin waɗannan kwana uku yake aiki. Ko lokacin ya wuce, ta je. Idan tana son kai ƙara, akwai rundunar UMIRR da aka kafa don irin waɗannan laifuka. Wanda ke jin muryoyi ko yake maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a ɗaure shi. A kai shi asibiti a ranar, za su tura shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin Bangi.

Amma a yi hattara. Na taɓa ganin mutum da riga mai tambari da littafi a hannu, ya karɓi kuɗin rajista a hannun zawarawa, ya rubuta labarinsu, bai sake dawowa ba. A Amurka jihohi ne ke ba masu wannan aiki lasisi. Kai ma ka yi naka binciken da tambaya uku. A wane asibiti ko ofishi kake aiki? Ina katin shaidarka? Wa zai ji abin da zan faɗa maka? Na gaskiya ba ya fushi da tambaya. Ba ya ɗaukar hotonka ba da izininka ba, ba ya yi maka alkawarin kuɗi, ba ya tilasta maka faɗin abin da ba ka shirya faɗa ba. Mace tana da damar cewa mace take so, kuma ka nemi mai jin Hausa ko Sango ko Fulatanci, ko tafinta wanda ka yarda da shi.

Innar nan ta je. Ba ta manta ɗanta ba, kuma ba wanda ya ce ta manta. Amma yanzu tana barci, ta koma tuyar ƙosanta. Idan a gidanku akwai mai irin ciwonta, ka raka shi asibiti a makon nan. Matambayi ba ya ɓata.